Sawun Addu'ar Mama

Akwati ɗaya. Takardar shaidar karatu a cikin kwali. Rigar sanyi da ba zan ƙara sawa ba. Almakashin tela mai nauyi, na Mama. Sabuwar waya, ita ma ta Mama, don ta ce tsohuwar ta cika. Takalmin aiki na Yaya. Gyale ruwan toka na matarsa. Abin da na kwaso ke nan bayan shekarun da na yi a waje. Rabi yana bayan mota, rabi a kan cinyata, muna tsakanin filin jirgi da gida.

Matar da ke gefena ta ciro waya ta danna. Sai muryar uwata ta cika motar.

"Ya Uba, mun gode da wayewar gari. Ga autata tana hanya yau." Ta faɗi sunana cikakke, har da wanda ba mai kirana da shi sai ita. "Ka sauke jirginta lafiya. Ka san ta yi karatu mai zurfi, kada zurfin ya haɗiye mata bangaskiya. Ka san ba ta cin abinci a kan lokaci. Maganar miji kuma, Uba, ba sai na maimaita ba."

"Amin," in ji matar. Direba ma ya ce amin.

Ta juyo gare ni. "Kin san baiwar Allahn nan? Kullum da safe sai na saurare ta. Ƙanwar maƙwabciyata ke turo mini. 'Yar tata ce abin tausayi. An ce a can ko majami'a ba ta leƙawa."

"Allah ya shirye ta," na ce.

"Amin, 'yar nan. Amin."

Mama tela ce. Ɗakin gaba shi ne shagonta: keken ɗinki a bakin taga, dogon teburin yanka, gwangwanin maɓallai, riguna rataye a ƙusa suna jiran masu su. Tun rasuwar Baba, da keken nan ta riƙe gidan. Ita ce kuma mai jan addu'a a zumuntar mata ta majami'armu. Da ciwon gwiwa ya fara hana ta fita addu'ar safe, Yaya ya koya mata saƙon murya. Tun daga nan, kafin ƙafarta ta taɓa keke, sai ta danna waya ta yi addu'a ta tura wa matan zumunta.

Da na isa gida ta rungume ni, ta ture ni baya ta duba, ta ce na rame. Ta gwada almakashin a wani guntun ƙyalle ta gyaɗa kai. Wayar kuwa da hannu biyu ta karɓa.

"Na ji ki a mota," na ce.

"A mota? Ka ji ikon Allah! Har mota?"

"Har direba ya san ba ni da miji."

"To ƙarya na yi? Auta, duk kunnen da ya ji, gwiwa ce ta ƙaru a wurin roƙo."

Da yamma tana dafa abinci ta sake yi mini tambayar da ta sha yi ta waya. Wai wane irin likita ne ba ya allura, ba ya duba ido, ba ya taɓa goshi? Na ce mata ni ba likita ba ce. Aikina bin sawun cuta: wa ya fara, wa ya ɗauka a wurinsa, ta ina ta bi ta shiga wani gari.

"Karatun naki ya san Allah?"

"Bai ce komai a kansa ba. Yana dai ƙirga wanda ya yi wa wani tari."

"Mai tarin, wa ya yi masa ƙirjin?"

Na ɗauki wuƙa na taya ta yanka albasa. A gardama irin wannan ba a taɓa kayar da Mama ba. Fasto ma kewaye ta yake yi.

Ranar Lahadi bayan sujada muka share teburin yanka, kamar yadda aka saba tun ina ƙarama. Mama ta jera faranti huɗu. Yaya ya shigo shi kaɗai.

"Amarya fa?" na ce. Ta daɗe a gidan aure, amma sunan ya zauna mata.

"Kanta ke ciwo."

"Kan nan ya daɗe yana ciwo," in ji Mama. Ta zuba abincin Amarya a kwano, ta rufe, ta ɗaure da ƙyalle, ta ajiye kusa da Yaya. Da hannun da ya saba ɗauka ya ɗauka. Farantin na huɗu ya koma kwando ba a taɓa shi ba. Gyalen da na kawo yana nan cikin ledarsa.

Washegari na same shi a shagonsa. Gyaran firji yake yi. Kansa yana cikin bayan wani tsohon firji, ƙafafunsa a waje, sanye da takalmin da na kawo.

"Likitan lissafi," ya ce daga ciki. "Kin zo ƙirga mu?"

"Na zo tambayar kan matarka."

"Yana sauƙi."

"Yaya."

Ya fito yana goge hannu. Ya dubi titi, ya dubi firjin, kamar ɗayansu zai cece shi.

"Ke dai kin san Mama."

"Na san ta. Me ta yi?"

"Addu'a."

"Kai kuma ka gaya mata?"

"Ni? In gaya wa Mama addu'arta ta yi ɓarna? Ke da kika sha jirgi ki gaya mata. Ni nan zan ci gaba da zama." Ya koma cikin firjin. "Je ki wurinta. An tashi makaranta yanzu. Kuma ban ce komai ba."

Amarya malamar firamare ce. Na tarar da ita a ƙasan ɗaki, littattafan yara zube gabanta, jan biro a hannu. Ta tashi ta rungume ni da gaske.

"Ƙanwar miji ta dawo! Yanzu iyayen mijina sun zama biyu."

"Matarmu ta guje mu, dole in biyo sawu."

Ta kawo ruwa. Ta zauna ta ci gaba da maki, kuma tana makin ta ba ni labari, ba ta ɗago ba.

Ta nemi aiki a wata makaranta. Ba ta gaya wa kowa ba sai mijinta da Mama. Mama ɗin ma a ɗaki ta same ta, ta durƙusa, ta ce a sa ta a addu'a. Da safe saƙo ya fita: sunanta, sunan makarantar da take, sunan wadda take nema. A ƙarshe Mama ta roƙi Allah ya buɗe mata ƙofa, ya fitar da ita daga hannun matar nan mai taurin zuciya.

"Ranar taron malamai, Mai Makaranta ta ajiye waya a tsakiyar tebur ta kunna. Muka saurara har amin. Sai ta dube mu ta ce, 'Ni ce mai taurin zuciyar, ko akwai wata?'"

"Sabuwar makarantar fa?"

"Ba su kira ba. Ashe masu makarantu sun san juna." Ta ja layi ƙarƙashin amsar wani yaro. "Yanzu sunana Malama Buɗe-Ƙofa. Har yara sun ɗauka. In na doso aji sai su ruga su buɗe mini, suna ƙunshe dariya."

Na ciji leɓe. Ta gani.

"Yi dariyarki. Ni ma nakan yi, in na dawo gida. Ba shi ya hana ni zuwa ba. Na ɗan ja jiki ne in huce. Sai ga wani saƙon: 'Ka tausasa zuciyar matar ɗana da ta daina zuwa gidana.' Mai kayan miya a kasuwa ta riƙe mini hannu tana yi mini wa'azi a kan girmama uwar miji."

"Me ya hana ki gaya mata?"

"In ce me? Mama, ku daina yi mini addu'a? Wace suruka ce za ta faɗi haka? Kuma in na faɗa, gobe ki ji shi a mota."

Ta rufe littafin ta ɗauki wani. Ta daɗe tana kallon bangonsa.

"Abin da ya fi damuna ba wannan ba ne. Ni ba ni da uwa sai ita. Kuma yanzu haka ina da abin da nake so ta ɗora mini hannu a kai. Addu'arta nake so, ba ta kowa ba. Amma bakina a ɗinke yake."

Ban tambaye ta mene ne ba.

A hanyar gida na auna abin. In na zo wa Mama da aya, za ta zo mini da goma. In na zo da faɗa, za ta ce boko ya ci ni, kuma da safe duk garin zai taya ta roƙo. Abu ɗaya na iya da ba ta iya ba.

"Mama, kin ce kina so ki ga aikina."

"Na ce."

"Ba ni addu'arki ɗaya in bi sawunta, kamar yadda muke bin cuta."

"Addu'ata ce cuta?"

"Tafiyarsu ce iri ɗaya. Daga mutum zuwa mutum."

Abin ya yi mata daɗi, ta ɓoye. Ta miƙo tsohuwar wayar ta ce in zaɓa. Na zaɓa. Ba ta tambayi wacce ba.

Aikin bai yi wuya ba. Mai cuta yakan ɓoye wanda ya haɗu da shi. Mai tura addu'a kuwa da alfahari yake faɗa. Na bi matan zumunta gida-gida, wasu na kira su. Tambaya ɗaya: wa kika tura wa? Mai Waƙa, wadda ke ba da waƙa a sujada, takan tura wa zauren danginsu na waya. Uwar Zumunta takan tura wa shugabannin mata na wasu majami'u. Mai Kanti ba ta turawa kawai, haɗa wayar take da lasifika a shagonta, mai sayen sabulu ya ji, mai sayen ashana ya ji.

Duk wanda na samu, sai in ɗauki maɓalli a gwangwanin Mama in ajiye a kan teburin yanka, in ja layi da allin tela daga wanda ya ba shi. Mama a tsakiya, jan maɓalli.

"Kin mayar mini da tebur allo," ta ce. "A ina zan yanka rigar mutane?"

Amma ta koma yanka a ƙasa, kuma ta hana kowa taɓa teburin. Mai kawo ɗinki in ta shigo, sai ta nuna mata. "Aikin Auta ne. Wannan ni ce. Wannan da layuka suka yi mata yawa kamar gizo-gizo, Mai Kanti ce."

"A wurinmu akwai irinta," na ce. "Mutum ɗaya ya shafa wa unguwa guda."

"Tun tana budurwa haka take," in ji Mama.

Layukan sun fita gari. Wani ya kai ga wani soja a bakin aiki. Wani ya kai ga matar da na zauna kusa da ita a mota, ko wata irinta. Wani ya bi ta hannun wata nas ya shiga ɗakin marasa lafiya a asibiti. Nas ɗin ta ce mini akwai wata tsohuwa a gadon ƙarshe da ba ta yarda ta sha magani sai an kunna mata. Na sa mata farin maɓalli. Mama ta daɗe tsaye a kansa.

Ranar da na gama, tana kan keke tana ɗinka bakin zane. Na ɗauko wani babban baƙin maɓalli na kwat, na ajiye a can gefen tebur, na ja layi.

"Wannan kuma wane ne mai girman kai?"

"Zo ki bi da yatsa."

Ta taso. Na riƙe yatsanta muka bi. Daga ita zuwa Mai Waƙa. Daga Mai Waƙa zuwa zauren danginsu. Daga nan zuwa matar ƙaninta. Daga ita zuwa wani direba mai kai yara makaranta. Daga direban zuwa baƙin maɓalli.

"Mai makarantar da Amarya ke aiki," na ce.

Ba ta gane ba tukuna. "To, ita ma tana bukata."

"Ba ki tambaye ni wace addu'a na bi ba."

Na kunna. Ta tsaya tana jin muryarta. Da farko tana gyaɗa kai. Da aka zo sunan Amarya ta daina. Da aka zo sunayen makarantun ta dafa tebur. Da aka zo mai taurin zuciya ta ce, "Kashe."

Na gaya mata sauran: taron malamai, sunan da yara suka sa, mai kayan miya. Ban ƙara gishiri ba, ban rage ba. Ta koma kan kujerar keke ta zauna. Ƙafarta ba ta hau ba.

"A ɗaki ta gaya mini," ta ce. "A durƙushe."

"E."

"Ni Allah na gaya wa."

"Shi kika gaya wa. Amma ta wannan hanyar kika aika." Na nuna teburin. "Ba kowane kunne ba ne gwiwa, Mama. Wani kunne ne kawai."

Ta dubi layukan allin. Sai ta zabura ta ɗauki sabuwar wayar, ta gyara murya, ta danna.

"'Yan'uwa cikin Ubangiji, na yi wa matar ɗana laifi, wato Malama..."

Na kama hannunta na ɗaga yatsan. Na goge.

"Mama! Annoba ta biyu ke nan."

"A gaban jama'a na ɓata ta, a gaban jama'a zan wanke ta."

"Waɗanda suka manta za su tuna. Waɗanda ba su ji na farko ba za su nema. Mai Kanti za ta ƙara murya."

"To a janyo na farkon. Ku da kuka yi karatu, ba ku da abin janyowa?"

"Babu. Yana cikin wayar kowa."

"Zarar bunu," ta ce a hankali. Ta dubi wayar kamar ta ga kunama a cikin takalmi. Ta tura ta can ƙarshen keke. "To na daina. Kai ta kasuwa. Da can da ba waya, Allah bai ji mu ba?"

Na ɗauki farin maɓallin na ajiye a gabanta. "Wannan fa? Wa zai ba ta magani gobe?"

Ta kafa wa maɓallin ido.

"A aikinmu ba ma hana mutane numfashi don akwai tari. Muna neman inda cutar ke shiga mu toshe. Tsohuwar nan ba ta san Amarya ba. Ba sunan take jira ba, muryarki take jira."

Na buɗe baki zan ƙara, don akwai wurin da Maganar Allah ta ce mai addu'a ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Ta ɗaga hannu.

"Na san wurin. Tun ba a haife ki ba na haddace shi. Ba ke za ki karanta mini ba."

Ta ɗauki farin maɓallin tana juya shi. Can ta ce, "A can suka koya miki wannan?"

"E."

"Masu zuwa majami'a ne?"

"Wasu. Wadda ta koya mini bin sawu ba ta zuwa ko'ina."

"To Allah ya yi aiki da ita ba ta sani ba. Ba yau ya fara ba." Ta dube ni ta saman tabarau. "Ke fa? Kina zuwa?"

"Ina zuwa. A baya nake zama. Ba na ɗaga murya."

"Me ya sa?"

"Allah ba kurma ba ne."

"Ni ma na san ba kurma ba ne." Ta ɗan yi murmushi, na farko tun da na kunna saƙon. "Ni ce dai nake son jin kaina. Da kuma amin ɗin mutane. Tana da daɗi, Auta. Kada ki bari a ruɗe ki, tana da daɗi."

Ta tashi ta canza zane. Ta ɗauki ledar gyalen nan ruwan toka. Ta kai bakin ƙofa, ta dawo, ta ciro tsohuwar wayar daga ƙugunta ta ajiye kusa da sabuwar.

"Ki kula da shago. In mai shuɗin leshi ta zo, gobe."

"In raka ki?"

"Da ke na yi laifin?"

Da gwiwar nan tata ta tafi. Na zauna a shago. Mai shuɗin leshi ta zo na ce gobe. Wayoyin suka yi ta ƙara, ban taɓa ba. Rana ta yi sanyi kafin ta dawo, ba leda a hannunta. Ta zauna ta miƙe ƙafa, na kawo mata ruwan ɗumi.

"Me ta ce?"

"Ba abin jinki ba ne."

"Za ta zo Lahadi?"

"Ban tambaye ta ba. Wanda ya taka mutum ba ya ce masa tashi mu yi tsere."

Da safe na ji ta daga ɗaki. Ta danna waya kamar kullum. "Ya Uba, mun gode da wayewar gari. Ka san mai neman aiki. Ka san mai kwance a gadon asibiti. Ka san wanda ke nesa da gida. Ka san sunayensu, ka fi ni sani." Ta ɗan tsaya. Na ji yadda sunayen ke cunkushe a bakinta suna neman hanya. Ta haɗiye su ta wuce.

Kafin azahar Mai Kanti ta iso da kanta, ko sallama ba ta gama ba.

"Maman yara, lafiya? Addu'ar yau ba gishiri."

"Likita ya hana ni gishiri," in ji Mama, tana nuna ni da baki.

"Ai sai mutum ya rasa wa yake yi wa. Mai neman aikin nan, wace ce? Don in san yadda zan roƙa."

"Ce masa mai neman aiki. Zai gane."

Mai Kanti ta dubi teburin, ta ga maɓalli mai layuka da yawa, ta tambaya wane ne. Mama ta ce wata ce mai ƙoƙari. Mai Kanti ta tafi ba ta gamsu ba. Nas ɗin kuwa ta aiko cewa tsohuwar ta sha maganinta, har tana cewa yau da ita aka yi.

Ranar Lahadi Mama ta tattara maɓallan da tafin hannu ta zuba a gwangwani. Ta goge allin da jiƙaƙƙen tsumma. Ta jera faranti huɗu. Ta gyara na huɗun, ta sake gyarawa. Ba ta dubi ƙofa ba, sai dai duk motsin da aka yi a titi hannunta kan tsaya.

Yaya ya shigo. Ya tsaya yana cire takalmi a hankali, kamar mai jan rai. Sai ga gyale ruwan toka a bayansa.

"Sannunku da gida," in ji Amarya.

"Kan ya yi sauƙi?" na ce.

"Ƙanwar miji, ki kiyaye ni."

Mama ta jawo farantin Amarya. Ta zuba mata abinci har ya yi tozo, ta ƙara nama, ta ƙara. Yaya ya miƙa farantinsa, ta ce wanda ya iya shiru ya iya haƙuri. Ya ce shi dai firji yake gyarawa, ba mutane ba. Amarya ta ba da labarin wani yaro da ya ruga buɗe mata ƙofa ya yi karo da Mai Makaranta. Muka yi dariya. Mama ta yi rabi, ta rufe baki da gefen zane.

Da aka gama, ina tattara kwanuka, Amarya ta sunkuyar da kai.

"Mama, ina da magana. In kun ba ni dama."

Mama ta miƙe, gwiwar ta yi ƙara. Ta ciro wayar daga ƙugunta. Ta duba hagu, ta duba dama, sai ta buɗe gwangwanin maɓallai ta tura ta ciki ta danne murfin. Ta kama hannun Amarya suka nufi ɗakinta. Yaya ya tashi zai bi.

"Ina za ka?" in ji Mama.

"Ai mijinta ne ni."

"To ka riga ka sani. Taya ƙanwarka wanke-wanke."

Suka shiga. Ta rufe ƙofa, na ji sakata ta faɗa. Daga ciki ta ɗaga murya, yadda za mu ji.

"Auta! Ki gaya wa wayar nan, addu'ar kowa da kowa ita ce tata, kullum da safe. Mai suna kuwa, daga yau a ɗakin nan za ta tsaya."